Abubuwan da Ya Kamata a Duba Kafin Fara Maganin Tattaunawa

Baƙin ciki mai tsawo, da yawan fargaba, da rashin barci cututtuka ne kamar sauran cututtuka, kuma suna da magani. Ɗaya daga cikin hanyoyin warkar da su ita ce maganin tattaunawa, watau mara lafiya ya riƙa zama da ƙwararren ma'aikaci, yawanci sau ɗaya a mako na kusan sa'a guda, suna bin diddigin abin da ke damunsa. Sau da yawa akan bukaci zama 5 zuwa 20. Wanda ya yanke a tsakiya ya yi asarar kuɗinsa, cutar kuma tana iya komowa. Saboda haka lalle ne mutum ya shirya kammalawa tun kafin ya fara.

1. Wurin wa za a je?

Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne mai rajista da Hukumar Kula da Likitoci ta Nijeriya, shi ne kuma mai ikon rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa da tattaunawa yake aiki, ba ya rubuta ƙwayoyi. Ba rashin kunya ba ne a nemi ganin takardar shaidar kowannensu. Mazauna Lugbe suna iya farawa daga ƙaramin asibitin unguwa, a ba su takarda zuwa Asibitin Ƙasa na Abuja, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.

2. Lissafin kuɗi

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun ranar farko ya kamata a tambayi kuɗin yankar kati, da na kowane zama, da yawan zaman da ake tsammani, da kuɗin ƙwayoyi idan za a haɗa da su. Mutumin Lugbe ya ƙara da kuɗin mota zuwa da komowa kowane mako, da lokacin da cunkoson Titin Filin Jirgin Sama zai ci masa, da neman izini a wurin aiki. Asibitocin gwamnati sun fi na kuɗi rangwame, amma akan daɗe ana jiran layi.

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Mai inshora ya bincika ko tsarinsa ya ƙunshi wannan magani, da zama nawa za a biya masa, da ko sai an turo shi da takarda. Wanda kuɗi suka yanke masa ya gaya wa mai duba shi, domin a sake tsara zaman, kada ya ɓace haka kawai.

3. Haƙƙin mara lafiya

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta tanadi a riƙe sirrin mara lafiya, a nemi yardarsa, kuma kada a nuna masa bambanci saboda cutarsa. In hankalinsa bai kwanta da mai duba shi ba, yana da damar neman wani.

4. Abin da ba ya jira

Wanda ya fara maganar kashe kansa, ba a tsaya lissafi a kansa. 'Yan uwa su kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa nan take, ko su kira lambar 112. Kada a bar shi shi kaɗai.