Yadda labaran diflomasiyya ke buɗe wa ɗalibai ƙofar Turanci

A Gwarzo da Kabo, kamar sauran garuruwan yammacin Kano, rediyo ya daɗe da zama abokin hira. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, kunnen Bahaushe ya saba da labaran duniya, har manomi a Getso ko ɗan tireda a Garo kan yi bayanin rikicin Gabas ta Tsakiya filla-filla. Sai dai 'ya'yansu da dama Turanci ke hana su shiga jami'a, domin ba a samun gurbi sai da kiredit a darasin a WAEC ko NECO, kuma dole ne a rubuta shi a JAMB.

Wannan sabo da labarai jari ne da ba a cika amfani da shi ba. Wahalar sabuwar kalma kashi biyu ce: sanin abin da take nufi, da riƙe lafazinta. Wanda ya taso yana jin labarai da Hausa ya riga ya gama da kashin farko.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 misali ne na kusa. Kwana huɗu bayansa shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ba sojojin wa'adin mako guda, suka kuma ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi. Aka rufe iyaka, fatauci ya tsaya, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage matakin. Wanda ya ga haka da idonsa ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya riƙe cewa wa'adin nan shi ne "ultimatum", takunkumin kuma "sanctions". Zai kuma lura cewa kowace kalma tana da abokan tafiyarta: yadda Hausa ke cewa an ƙaƙaba ko an ɗage, haka Turanci ke cewa "impose" da "lift". Irin wannan haɗi masu jarrabawa ke yawan tambaya.

Haka abin yake a Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Najeriya ta shiga ranar 7 ga Oktoban 1960, kuma marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya taɓa zama wakilin ƙasar a can. Kwamitin Sulhunta yana da ƙasashe 15, biyar daga ciki masu kujerar dindindin: Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin. Ikon da kowace ke da shi na hana ƙuduri wucewa shi ne hawa kujerar na-ƙi, wato "veto", kalmar Latin mai ma'anar "na hana". Taron ƙoli kuwa "summit" ne, kuma asalin kalmar ƙololuwar dutse, kusan yadda Hausa ma ta hango shi.

Amma akwai wuraren da harsunan biyu ke rabuwa, kuma nan ɗalibi ke tuntuɓe. Hausa jakada kawai take cewa, alhali Turanci ya raba: wakilin Najeriya a Amurka "ambassador" ne, na Birtaniya ko Ghana kuwa "high commissioner", saboda ƙasashen suna cikin ƙungiyar Commonwealth. Kalmar "sanction" ita kanta baki biyu gare ta, domin a wata jimlar amincewa da abu take nufi. Sannan tsagaita wuta, wato "ceasefire", dakatar da faɗa ce kurum. An daina yaƙin Koriya tun 1953, amma har yau ɓangarorin ba su sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Hanyar koyon ba ta da tsada. Ɗalibi ya saurari labari da Hausa da safe, sannan ya nemi labarin nan dai da Turanci a wayarsa ko a jarida. Ya zaɓi kalma biyar kacal, ya rubuta kowace a littafi tare da jimlar da ta zo a ciki, domin kalmar da aka tsinke daga jimlarta saurin ɓacewa take yi. Da yamma ya ba wani labarin da bakinsa, yana amfani da su. Biyar a rana, kwana biyar a mako, kalma 100 ke nan a wata.

Malaman sakandare na iya ware minti goma a ƙarshen darasi, ɗalibi ɗaya ya kawo labari da Hausa, wani ya mayar da shi Turanci. Iyaye ma suna da rawar takawa ko da ba su yi boko ba: uban da ya san dalilin ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS shi zai ba da ma'ana, ɗan ya nemo kalmar.