Nunar Dole: Nazari a kan Kabayit da Kayan Marmarin Maraɗi

A ƴan shekarun nan wata al'ada ta yi ƙarfi a tsakanin wasu masu fataucin kayan marmari, tun daga lambunan Jiratawa da Tibiri har zuwa teburan Sabon Gari a birnin Maraɗi, wato a tsinke mangwaro tun bai ƙosa ba, a ƙunshe ɗan kabayit irin na masu walda a takarda, a cusa shi tsakiyar kwali, a rufe, bayan kwana biyu a buɗe a tarar da shi ya yi rawaya fes. Ya kamata a san asalin mas'alar kafin a yanke mata hukunci.

Masana ilimin tsirrai sun tabbatar da cewa akwai wata iska, etilin, wadda ɗan itace ke fitarwa da kansa idan ajalin nunarsa ya zo. Neljubow, mutumin Rasha, shi ya fara lura da tasirinta ga tsiro a 1901, sa'an nan Gane ya nuna a Ingila a 1934 cewa tuffa ita kanta tana fitar da ita. Da izinin Allah wannan iska ce ke mayar da garin da ke cikin mangwaro da ayaba zaƙi, ta tausasa tsokarsu, ta sauya launin ɓawonsu; shi ya sa magabata ke rufe ƙosasshen mangwaro cikin buhu ko ƙaiƙayi, iskar ta taru, nuna ta yi sauri. Kabayit kuwa, idan ya sha danshi, wata iska yake fitarwa mai kwaikwayon aikin etilin.

Sabubban yaɗuwar al'adar ba kwaɗayi kaɗai ba ne. Zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi yakan haura digiri 40, ruwan Jiratawa kuma, tun da aka kafa gandun noman raninta a farkon shekarun 1980, da famfo ake jawo shi daga ƙarƙashin ƙasa, kowane ban ruwa da kuɗinsa. Itacen da ƙishirwa ta galabaitar yakan rufe ƙofofin ganyensa, etilin ɗinsa ya ƙaru, ya zubar da fure da ƴaƴa. Haka nan ɗan itacen da ya ƙuje a mota yakan ninka fitar da iskar, ya ruɓe, ya ja maƙwabtansa. Manomin da ba shi da ɗakin sanyi, alhali kuwa farashi ya fi kyau a farkon kaka, yana ganin tsinke ɗanye shi ne maslaharsa.

Amma illar ta rinjayi fa'idar. Iska tana iya juya garin da ɗan itace ya riga ya tara, ba ta iya ƙago wanda bai tara ba, saboda haka wanda aka tsinke kafin ƙosawa yakan fito kyakkyawa a ido, lami ko tsami a baki. Bugu da ƙari, kabayit na kasuwa yana ɗauke da gurɓatattun sinadaran arsenik da fosfaras masu cutarwa, har hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta haramta nunar da abinci da shi. Fuƙaha'u ma tun da daɗewa sun hana sayar da ƴaƴan itace a bisa uwarsu kafin alamar nuna ta bayyana, sun kuma lissafa ɓoye aibin haja cikin algus.

Hani kaɗai ba zai wadatar ba matuƙar sababin yana nan. Abin da ake bukata daga cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo shi ne iri mai jure zafi, da koya wa manoma gane ƙosawa, da hanyoyin sanyaya masu araha irin randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa. Ranar da jira ya daina jawo wa manomi hasara, ranar zai bar mangwaronsa ya ƙosa a reshe.