Magungunan da ke Jakar Ma'aikacin Agajin Gaggawa

Wanda ya leƙa jakar ma'aikacin agajin gaggawa zai yi mamakin ƙarancin abin da ke ciki. Ƙaramin kemis na bakin kasuwa ya fi ta kaya nesa ba kusa ba. A ƙasashe da dama, mai matakin farko a wannan aiki ba ya riƙe abin da ya wuce iskar oksijin, da gulukos, da asfirin, da allurar adiranalin, da naloksan, da maganin shaƙa na masu asma, sai ƙwayar da ake sa wa mai ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe. Manyan allurai da ƙarin ruwa ta jijiya na waɗanda suka yi karatu mai zurfi ne. Ko 'yan kaɗan ɗin nan ma ba da ra'ayin kansa yake bayarwa ba, akwai rubutacciyar ƙa'ida da likita ya sa wa hannu, a kanta yake tafiya. Rabin iliminsa kuwa sanin wanda ba za a ba maganin ba ne.

Sana'ar ba tsohuwa ba ce. Har tsakiyar shekarun 1960, a garuruwa da yawa na Amurka masu shirya gawa ne ke ɗaukar wanda ya yi haɗari zuwa asibiti, don su ke da motar da mutum zai miƙe a ciki. A 1966 aka fitar da wani rahoto da ya fallasa yawan rayukan da ake asara a hanya, daga nan aka fara tsara horo na musamman. A Gana ma sai da aka sha wuya: turmutsitsin filin wasa na Akara ranar 9 ga Mayu 2001, wanda ya ci rayuka 126, na cikin abin da ya sa aka kafa hukumar motocin agaji ta ƙasa a 2004.

Kafin ma'aikaci ya taɓa jaka, sai ya duba ko hanyar numfashi a buɗe take, ko mutum yana numfashi, ko akwai jinin da ke zuba. Bayan nan ne ake maganar magani.

Faɗuwar sukarin jini ita ce ta fi ruɗa mutane, don tana shigar burtu. A ce dattijo mai ciwon suga ya sha ƙwayarsa ko ya yi allurar insulin da sahur, ya ɗauki azumi. Bayan azahar sai a ga yana zufa, hannu na rawa, yana magana ba kan gado, yana yi wa jikokinsa tsawa ba dalili. Wani zai ce shanyewar jiki ce, wani ya ce iska ce. Ma'aikacin zai soki ɗan yatsa, ya ɗiga jini a kan ɗan tsinken na'urar awo, cikin daƙiƙu lamba ta fito. Yana jiranta yana tambaya: "Hajiya, yaushe rabon Baba da abinci? Ina kwalin maganinsa?" Idan lambar ta gaza 70 a ma'aunin miligiram, ƙwaƙwalwa ce ke jin yunwa, domin ba ta da rumbun ajiya, da sukarin da jini ya kawo mata take aiki. Muddin yana iya haɗiya, za a ba shi kimanin giram 15 na sukari, wato babban cokali guda a ruwa, ko rabin kofin lemon kwalba, a sake awo bayan minti 15. Azumin ranar ya tafi, kuma shari'a ta yi rangwame ga mara lafiya. Idan kuwa ya riga ya suma, ba a ɗura masa komai a baki. Ruwan zai bi ta huhu ya shaƙe shi. Sai a kwantar da shi a gefensa, a ba shi gulukos ta jijiya ko allurar gulukagon. Kuma ko ya farfaɗo yana raha, ba a barinsa haka nan, domin wasu ƙwayoyin suga irin su gilibenkilamaid suna daɗewa a jiki, sukarin zai iya sake faɗuwa da dare.

Ciwon ƙirji mai nauyi, wanda ke gangarawa hannun hagu ko haɓa tare da zufa mai sanyi, ana ɗaukarsa bugun zuciya ne har sai asibiti ta ce ba shi ba ne. A nan asfirin miligiram 300 ake ba mutum ya tauna, don ya shiga jini da wuri ya hana gudan jinin da ya toshe jijiyar zuciya ƙara girma. Ba a ba wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin, ko mai olsar da ke zubar da jini. Ƙwayar ƙarƙashin harshe, nitirogilisarin, tana buɗe jijiyoyi ta sassauta ciwon, amma tana saukar da ƙarfin jini, don haka sai an auna tukuna. Akwai kuma tambayar da kunya ke sa a tsallake. Wanda ya sha Viagra ko ɗan'uwansa cikin awa 24 zuwa 48, idan aka ɗora masa wannan ƙwaya jininsa na iya faɗuwa warwas. Gogaggen ma'aikaci ba ya yin tambayar a gaban iyali. Yakan sunkuya kusa da kunne ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ko ka sha maganin ƙarin kuzari jiya ko yau?" Har da na gargajiya yake nufi, tunda an sha gano sinadarin a cikin haɗe-haɗen da ake tallarsu da sunan ganye zalla.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa ba ta da magani a jakar. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, harshe ya yi nauyi: ko dai jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe, ko ta fashe, kuma ido ba ya bambance su sai hoton asibiti. Asfirin da zai taimaki na farko shi zai ƙara wa na biyu zubar jini. Abin da ma'aikaci zai tsaya a kai shi ne lokaci, saboda allurar narkar da gudan jini galibi cikin awa huɗu da rabi ake yinta. Mutanen gida ba sa duba agogo, amma idan aka ce, "Ya fita sallar asuba da ƙafarsa?" nan take za a sami amsa.

Adiranalin kuwa magani ne da ake zargin ma'aikaci idan ya yi jinkirinsa. Rina ta harbi mutum, ko an yi masa allurar fenisilin, ko ya ci abin da jikinsa ba ya so, cikin mintoci leɓe ya kumbura, murya ta dushe, numfashi na fita da ƙara. Babba rabin miligiram ake yi masa a tsokar gefen cinya, a maimaita bayan minti 5 idan ba sauƙi. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura, kuma mutane da yawa a nan suke ɓata lokaci.

Mai asma, wanda ƙurar hunturu ke tayar wa ciwo, zaunar da shi ake yi ya shaƙi Ventolin. Mai farfaɗiya kuwa a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki, kuma yawunsa ba ya yaɗa cutar. Idan ta wuce minti 5 ba ta lafa ba, sai magani irin su diyazafam. Mace mai tsohon ciki idan ta kama jijjiga, wannan wani babi ne, maganinta maganiziyam salfet.

Saura naloksan, wanda amfaninsa ya ƙaru tun da kodin da tiramol suka yi katutu a tsakanin matasa. A 2018 ne Nijeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda ya sha irin waɗannan fiye da kima, ƙwayar idonsa takan tsuke, numfashinsa ya ragu har leɓe ya sauya launi. Taimaka masa da numfashi ne farko, sannan naloksan ta hanci ko ta allura. A kan tiramol aikinsa ba cikakke ba ne, kuma ba ya hana jijjigar da ƙwayar ke kawowa. Sau da yawa yaron zai farka a fusace, yana amai, yana neman takalminsa zai tafi. Sai an lallashe shi ya shiga mota, domin ƙarfin naloksan yana ƙarewa tsakanin minti 30 zuwa 90, abin da ya sha kuwa yana nan a jikinsa, zai iya sake danne masa numfashi bayan kowa ya watse.