Jitar Lantarki a Jos: Hattara Kafin a Saya

A Jos, inda marigayi Ɗan Maraya ya yi suna da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, yau samari na tara kuɗi don sayen jitar lantarki mai tsirkiya shida. Amma fa ita wannan jita kusan bebiya ce, sai an haɗa ta da akwatin ƙara sauti. To, a nan ne dukiya kan salwanta. Akwatin da aka ƙera domin Amurka wutar bolt 120 yake ɗauka, tamu kuwa 230 ce. Duk wanda ya jona shi ba taransifoma, ya ƙone shi nan take. Saboda haka mai saye ya karanta rubutun bayan akwatin, ya kuma nemi shawarar mai gyaran rediyo tun bai biya ba.