Bautar Zamani a Lambunan Tumatir

Duk manomin da ya taɓa noman rani ya san wahalar tumatir. Ga ban-ruwa, ga tsinka cikin rana, ga ɗaukar kwando zuwa bakin titi. Amma ɗan ƙodago a Kadawa ko Ɗanja, in yamma ta yi zai karɓi kuɗinsa ya tafi gida. In aikin bai yi masa ba, gobe sai ya nemi wani lambun. A wasu ƙasashe akwai leburorin da ba su da wannan dama.

Mece ce bautar zamani?

Bawan yau ba a sa masa mari a ƙafa. Ana ɗaure shi ne da bashi, ko da tsoro, ko a ƙwace masa fasfo. Yana aiki, amma ba shi da ikon cewa ya daina. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum kusan miliyan 28 ne ke aikin dole a duniya.

Abin da ke faruwa a Italiya

Kudancin Italiya ƙasar tumatir ce, musamman yankin Fojiya. Da yawa daga cikin masu tsinkar 'yan Afirka ne, daga Gana, Mali, Senegal, Nijeriya da sauransu. Wasunsu ta Agadas da Libya suka bi, suka haye teku a kwalekwale.

Mai gona ba ya zuwa neman lebura da kansa. Akwai dillali a tsakani, ana kiransa kaforale, wato kofur. Shi ke zaɓen wanda zai yi aiki yau. Ba lissafin awa ake yi ba, lissafin akwati ake yi. Akwati ɗaya yana cin tumatir kilo 300, ladansa kuwa a shekarun baya Yuro uku zuwa huɗu ne. Daga ciki dillali zai cire kuɗin mota, wani lokaci har da na ruwan sha da burodi. Wanda ba shi da takardar zama yana tsoron kai ƙara, don kada a mayar da shi gida.

A watan Agusta na 2018, leburori 16 'yan Afirka suka mutu a haɗarin mota biyu kusa da Fojiya, cikin kwana uku. Daga gonar tumatir suke dawowa.

Daga lambu zuwa gwangwani

Ruwa ba ya tsami banza. Manyan kantuna suna son tumatirin gwangwani da arha. Sai su matsa wa kamfanin da ke sarrafa shi. Kamfani ya karya wa manomi farashi. Manomi kuma ya rage ladan aiki. Kowa ya danne na ƙasa da shi, har nauyin ya sauka a kan lebura. Mai sayen gwangwani bai san wanda ya tsinki abin da ke ciki ba.

Matakan da aka ɗauka

A 2011 leburori suka yi yajin aiki a garin Nardo. Wani ɗalibi ɗan Kamaru, Yvan Sagnet, yana cikin jagororinsu. A shekarar ce Italiya ta mayar da irin wannan dillanci laifi. A 2016 aka ƙara wa dokar ƙarfi. Yanzu mai gonar ma ana iya ɗaure shi shekara ɗaya zuwa shida. Daga baya Sagnet ya kafa ƙungiyar NoCap, mai sa alama a jikin kayan da aka noma ba tare da cutar lebura ba.

A Ingila dokar 2015 ta tilasta wa manyan kamfanoni su bayyana kowace shekara abin da suke yi don hana bauta a wuraren da suke sayen kaya. A Nijeriya an kafa hukumar NAPTIP a 2003 don yaƙi da fataucin mutane. Tana da ofis a Kano, Sakkwato da Maiduguri. Duk da haka cutar ba ta ƙare ba, domin doka ba ta aiki sai an kai ƙara.

Alamomin da za a kula da su

1. Wani ya ce zai biya kuɗin tafiya, a biya shi daga albashi.
2. Ya ƙi faɗin sunan mai aikin, da garin, da yawan lada.
3. Ya ce a ba shi fasfo ya ajiye.
4. Ya ce kada a gaya wa iyaye ko mai gari.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya tsaya. Kada ya dangwala hannu a takardar da bai karanta ba. In bai gane ba, ya kai wa malamin ajin yaƙi da jahilci. In ana zargin yaudara, a sanar da dagaci, ko 'yan sanda, ko NAPTIP.

Masu lambu na gida su ma da nasu. A yanke lada kafin a fara aiki, a gaban shaida. A biya ranar da aka yi alkawari. Kada a riƙe mutum da bashin da ba a rubuta ba. Yaro kuma kada aikin lambu ya hana shi makaranta. Rigakafi ya fi magani.