Yaran zangon Accra sun san garin kuka, saura su san bishiyarta

Duk ranar Laraba kasuwar Nima da ke birnin Accra takan cika da kayan da aka sauke daga arewa: garin kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, zoɓo, tsamiya da man kaɗe. Yaron da aka haifa a Nima ko Maamobi ya san su sarai, domin tun yana ƙarami ake aikensa sayo su. Amma idan aka tsayar da shi a gindin ɗorawa aka tambaye shi abin da ake samu a jikinta, da wuya ya ce daddawa. Kayan sun iso masa a dake, a shanye, a ƙulle cikin leda.

A ƙasashen Turai da Amurka mutane kan biya kuɗi a fita da su daji a nuna musu ganyen da ake ci da yadda ake saƙa kwando. A zango kuwa malaman wannan darasi suna cikin gida: tsofaffin mata da suka tashi a karkara, masu maganin gargajiya, dukawa da masaƙan tabarma. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da yara a inda tsiron yake a raye, domin gani ya kori ji.

Yadda ilimin ya iso bakin teku

Fataken Hausa da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun dogara da sanin itatuwa wajen ci da magani, har da gane hanya. Akwai bishiyar da Ashantawa ke kira ankye, wadda Hausawa suka raɗa wa suna gwanja kusa, domin ganinta alama ce ta cewa ayari ya kusa isa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 'yan kasuwa da malamai sun watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra, suka tafi da abincinsu da sana'o'insu. Yawan wannan ilimi ya sa wani likitan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya fitar da littafi guda a 1916 a kan sunayen tsirrai da Hausa kaɗai.

Sawun wannan tafiya yana nan a bakin mutanen Ghana har yau. Waakye daga wake ya samo suna, koose shi ne ƙosai, tuo zaafi tuwon zafi ne, dawadawa kuma daddawa. Jan launin waakye daga busasshen ganyen wata irin dawa yake fitowa, wadda Hausawa ke kira karan dafi. Da ita dukawa ke rina fata ja, da ita kuma ake rina kaba. Ke nan ɗaurin ganye ɗaya daga kasuwar Nima ya isa a buɗe darasin girki da na rini a zama guda.

Abin da ake koya a fili

Matakin farko shi ne gane tsiro da ganyensa da furensa da warinsa. Misali mai kyau shi ne tafasa da rai ɗore, waɗanda ke fitowa a kangon filaye da damina, dukansu da fure rawaya. Ganyen tafasa, wadda ake kwaɗo da miya da ita, yawanci bibbiyu ne sau uku a kan sanda ɗaya, kuma bakinsa a zagaye yake. Ganyen rai ɗore ya fi yawa a sanda, bakinsa da tsini. Likitoci a arewacin Indiya sun danganta cin ɗanyen ƙwayar rai ɗore da lalacewar hanta da mutuwar ƙananan yara. Bambancin da ke da wuyar shiga kai a kan allo, minti biyar ya ishe shi idan ganyayen biyu suna hannun yaro.

Na biyu shi ne sanin lokaci. Ɗorawa tana nuna a ƙarshen rani, wajen Maris da Afrilu, kaɗanya kuma tana zubar da 'ya'ya da shigowar damina. Accra tana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli da ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, saɓanin Maraɗi ko Kano masu damina ɗaya. Don haka lissafin da kaka ta zo da shi daga arewa sai an daidaita shi da yanayin bakin teku.

Na uku shi ne ladabin ɗiba. Wanda ya sassaƙe ɓawon bishiya ya zagaye ta, ya kashe ta, domin ta ƙarƙashin ɓawon ne abincin da ganye ke haɗawa yake sauka zuwa saiwa. Masana sassaƙe kan ɗiba a gefe ɗaya su bar sauran ya warke. Kaɗanya kan ɗauki shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, kuma yaron da ya ji haka zai kalli buhun gawayi da wani ido.

Daga tsiro zuwa sana'a

Kusan kowace sana'ar hannu ta Bahaushe tana da bishiyar da ta jingina da ita. Da kabar goriba ake saƙa tabarma da faifai da igiya. Da 'ya'yan bagaruwa ake jeme fata. Baba ne ke ba da shuni a marina irin ta Ƙofar Mata a Kano, duma kuma ke ba da ƙwarya da ludayi. A Ghana tokar ɓawon koko ko na ayaba ake haɗawa da mai a yi sabulun salo, wanda ake kira alata samina.

Akwai kasuwa a wannan fanni. Kwandunan Bolgatanga, da ake saƙawa da ciyawa a arewa maso gabashin Ghana, ana sayar da su har Turai da Amurka. Akwai kuma amfani a cikin unguwa: kafin leda ta yawaita, a faffaɗan ganye ake ƙunshe waakye, kamar yadda ake naɗe goro da ganyen fita. Duk wanda ya ga yadda leda ke toshe babbar kwatar Nima da Maamobi idan ruwa ya sauka ya san darajar ganyen da ke ruɓewa da kansa.

Ina za a je?

Ba sai an kai Tamale ba. Lambun tsirrai na Aburi, wanda aka buɗe a 1890, yana kan tsaunukan Akuapem a arewa da Accra, kuma ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya. Gaba kaɗan, a Mampong, akwai cibiyar binciken magungunan tsirrai da aka kafa a 1975. Gandun Shai Hills, mai nisan kusan kilomita 50 daga birni, fili ne na ciyawa da duwatsu mai kama da ƙasar arewa, kuma akwai bishiyoyin kuka a cikinsa. Waɗannan wurare na kallo da koyo ne, ba a tsinkar komai sai da izinin masu kula da su. Kayan aikin saƙa da rini a kasuwa ake sayensu, ko a nemi izinin mai gona.

Inda ake hattara

Ganyen da ya fito a bakin kwata ko gefen babban titi yana ɗauke da ƙazanta da hayaƙin motoci ko da irin wanda ake ci ne. Zaƙami yana gusar da hankali, ruwan tumfafiya yana cutar da ido, ƙwayar zurma da ta bini da zugu guba ce. Gwanja kusa ma, idan 'ya'yanta ba su nuna sun buɗe da kansu ba, cinsu na karya sukarin jini, kuma an danganta shi da mutuwar ƙananan yara a Burkina Faso a 1998. Dokar farko a kowace fita ita ce kada yaro ya kai komai baki sai malami ya gani. Batun magani kuwa a tsaya a kan suna da tarihi, a bar awo ga masu lasisi, domin Ghana tana da dokar aikin maganin gargajiya tun 2000.

Makarantar Islamiyya ko ƙungiyar matasa za ta iya fara wannan da mota ɗaya, dattijuwa ɗaya da malamin kimiyya ɗaya. Gudummawar iyaye ta isa kuɗin mota, sannan akwai asusun raya zango da gwamnatin Ghana ta kafa da doka a 2017, wanda ilimi da al'adu ke cikin ayyukansa. Kowane yaro ya riƙe littafi ya rubuta sunan tsiro da Hausa da Twi ko Ga, da Turanci ko Faransanci, ya kuma ɗauki muryar dattijuwar a waya. Tsarin zai yi aiki haka nan a zangon Lome da unguwar Briqueterie ta Yawunde, inda yaran Hausawa ke shan miyar kuka alhali da yawansu ba su taɓa tsinkar ganyenta ba.