Daga Mil 12 Zuwa Katangowa: Abin Da Muka Gani A Kasuwannin Ikko

Duk wanda ya yi noman rani ya san cewa gumin manomin Arewa a Ikko yake ƙarewa. Shi ya sa muka ga ya dace mu kai wa masu karatunmu labarin kasuwanni biyu na wannan birni na bakin teku, ɗaya ta abinci, ɗaya ta gwanjo, domin 'ya'yan ikkilisiyoyinmu da yawa a nan suke neman abinci.

Kasuwar Mil 12 tana kan hanyar Ikorodu, kusa da Ketu. Tun kafin gari ya waye manyan motoci suke jere, ana sauke kaya. Ga tumatir daga Kadawa a Jihar Kano, ga albasa daga Aliero da Sakkwato, ga dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, ga doya daga ƙasar Binuwai, ga attaruhu da tattasai tuli. In mutum ya rufe ido ya saurara, sai ya ɗauka a Dawanau yake, don Hausa ake ciniki da ita, sai dai matan Yarabawa masu sari su cakuɗa ta da nasu harshe.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tumatir. Tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000 daga Kano, a kwanduna, wani kan wani. Na ƙasa ya matse, rana ta buga, mota ta lalace a hanya, ga shingayen masu karɓar kuɗi. Kafin a iso, wani kwandon ya fara zubar da ruwa. Irin wannan fasasshen ana ware shi a sayar da araha ga masu dafa abincin sayarwa. To, asarar ta wa ce? Dillali ya cire la'adarsa, direba ya karɓi kuɗin mota, ɗan dako ya karɓi nasa, abin da ya rage shi ake aika wa mai kaya. Mun ga waɗansu sun koma zuba kaya a akwatunan roba masu hawa kan juna ba tare da matsi ba. A ganinmu, ƙungiyoyin manoma na ikkilisiyoyinmu ya kamata su haɗa kuɗi su mallaki irinsu, tun da mutum ɗaya ba zai iya ba.

Kasuwar ta sha wahala kuma. A watan Maris na 2016 rikici ya ɓarke a unguwar, aka rasa rayuka, Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe ta na kusan mako biyu. A ƙarshen Fabrairu na 2021, bayan tashin hankalin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar fataken abinci da shanu ta hana kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Tumatir ya yi tsada a Ikko, a Arewa kuwa ya ruɓe a hannun masu shi. Ba wanda ya ci riba.

Daga nan muka nufi Katangowa, a Abule Egba kan hanyar Abeokuta, inda ake cinikin gwanjo. Mutanen Kudu suna kiransa okirika, daga sunan garin Okrika na Jihar Ribas. Ko da yake manyan tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suna nan cikin birnin, yawancin dilolin ta Kwatano suke zagayowa, domin dokar Nijeriya ta hana shigo da tsofaffin tufafi. Da sassafe ake kwance dila, masu shaguna su tsince na kirki, saura a zube a ƙasa kowa ya sunkuya ya zaɓa. Akwai takalma, jakunkuna, barguna, har kwat irin wadda dattawanmu suke sa wa ran Lahadi. Uwar da ke da 'ya'ya biyar za ta iya yi musu kayan Kirsimeti a nan ba tare da cin bashi ba, muddin ta ɗaga kowace riga a hasken rana ta duba ɗinki da hammata. Kada kuma a biya kuɗin da aka fara faɗa.

A kasuwannin nan biyu mun tarar da samarinmu, waɗansu daga Filato da Kudancin Kaduna, waɗansu kuma daga Michika da Gwoza, waɗanda tashin hankalin 2014 ya koro. Da yawa acaɓa suke yi a da, amma tun da gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, sai suka koma dako da tura baro. Waɗansunsu a rumfa suke kwana, kuma ba su san cewa ECWA da COCIN da EYN suna da majami'u a Ikko ba, har da inda ake sujada da Hausa.

Muna roƙon fastoci da dattawa da zumuntar mata: in yaro zai tafi Ikko, a ba shi takardar shaida daga ikkilisiya, a rubuta masa sunan majami'ar da ta fi kusa da inda zai sauka, a kuma sanar da faston can kafin motar ta tashi.